Yadda ake taimaka wa ɗan daudu da mata-maza a Damagaram ba tare da an tona musu asiri ba

Akwai sadakar da ake miƙawa a bakin masallaci ranar Juma'a, kowa na gani, mai bara ya ɗaga murya ya yi maka addu'a, ka wuce. Akwai kuma wadda in ka bayar da ita haka, ka cuci wanda ka ba. A kan ta biyun zan yi bayani. Ni ungozomar asibiti ce da ta yi ritaya, yanzu kuɗin adashin matan layinmu a Zango ne a hannuna, kuma cikin abin da muke warewa don taimako, kason da ya fi wuyar rabo shi ne na mutanen da ba a son a gan ka tare da su: 'yan daudun da tsufa ko ciwo ya kayar, da gidajen da aka haifa musu mata-maza. Haɗa kuɗin ba ya ba mu wahala sosai. Abin da ke ba mu wahala shi ne kuɗin ya isa hannun mai shi, ya yi masa amfani, kuma gobe ya fito tsakar unguwa ba a nuna shi da baki ba.

Ka san wa kake nufi

Mutane kan haɗa su a kwando ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne, bukatunsu ma ba ɗaya ba ne. Mata-maza halitta ce: an haifi jariri, al'aurarsa ba ta fito sarai ta namiji ko ta mace ba, ko kuma sai lokacin balaga abin ya bayyana. Malaman fiƙihu sun san da su tun da daɗewa, har gado sun yanka musu. A mazhabar Malikiyya, wanda al'amarinsa ya rikice ana ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Ɗan daudu kuwa namiji ne mai magana da tafiya da sana'a irin ta mata, kuma duk wanda ya girma a garin nan ya ci kajinsu a tasha ko ya ga tukunyarsu a gidan biki. Sai masu sauya jinsi da ake jin labarinsu a rediyo da salula, waɗanda aka haifa maza suke jin su mata ne, ko aka haifa mata suke jin su maza ne, wasunsu har su nemi magani ko tiyata. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan hali daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. A Amurka da Turai suna da ƙungiyoyi masu ofis da asusun banki. A Damagaram ba za ka ga ofis mai allo a ƙofa ba. Mutum za ka tarar, a ɗakin haya, ko a kan tabarma bayan rumfa.

Ni ba malama ba ce, ban zo yin fatawa ba. Na san malamanmu sun hana namiji kwaikwayon mace, kuma ba gardamar wannan ta kawo ni ba. Amma su ɗin dai suka karantar da mu hadisin mutumin da ya fita da sadaka da dare, ta faɗa hannun ɓarawo, ya sake fita ta faɗa hannun mazinaciya, ya sake ta faɗa hannun mawadaci, gari ya waye ana ta surutu, aka kuma sanar da shi cewa an karɓi sadakarsa. Ayar da ta lissafa mutum 8 masu cin zakka a Suratut Tauba ta fara da faƙiri da miskini, ba ta ce sai an duba yadda yake ɗaura zani ba. Idan zuciyarka ba ta kwanta da zakka ba, tambayi malaminka, ka ba da sadakar ganin dama, wadda ƙofarta ta fi faɗi.

Tambayi kanka me ya tura ka

Wannan ba wa'azi ba ne, dabara ce. Abin da ya tura mutum bayarwa shi ke nuna inda zai yi ɓarna, in ka san naka sai ka san inda za ka taka a hankali.

Wasu masu bincike biyu 'yan ƙasar Holan, René Bekkers da Pamala Wiepking, sun tattara nazarce-nazarce sama da 500 kan kyauta, suka fitar a 2011 cewa abubuwa 8 ne ke motsa mai bayarwa: sanin akwai bukata, a roƙe shi, abin da zai kashe da abin da zai samu, son alheri ga wani, suna, daɗin zuciya, aƙida, da ganin cewa kuɗinsa zai yi aiki. Duba manyan masu ba masu sauya jinsi kuɗi a waje, za ka ga waɗannan ɗin ne. Jennifer Pritzker, attajira kuma tsohuwar hafsar soja a Amurka, ita kanta ta sauya jinsi, a 2016 ta ba Jami'ar Victoria ta Kanada dalar Amurka miliyan 2 don a kafa kujerar nazarin wannan fanni. Wannan ciwon ya taɓa jikinta ne. MacKenzie Scott a 2020 ta raba kusan dala biliyan 1.7 ga ƙungiyoyi 116, cikinsu har da masu kare haƙƙin waɗannan mutane, ba ta kuma gindaya musu sharaɗin yadda za su kashe ba. Wannan aƙida ce da yarda. A watan Janairun 2019 wani matashi ɗan Ingila, Harry Brewis, ya zauna yana buga wasan bidiyo kai tsaye a intanet fiye da kwana 2, jama'a suka tara sama da dala dubu 340 ga ƙungiyar Mermaids ta can Ingila, mai taimaka wa yara masu sauya jinsi, bayan an taso a hana ta wani tallafi. Wannan kuwa haushi ne ya buɗe aljihu. Kuma duk ranar 20 ga Nuwamba, tun 1999, masu sauya jinsi suna tunawa da waɗanda aka kashe daga cikinsu, ana kuma neman gudummawa a lokacin.

A nan gida, abin da na gani da idona bai yi nisa da haka ba, sai dai kayan da ya sa daban ne. Mafi yawan masu kawo mini kuɗi a ɓoye dangi ne. Yaya ce da ƙanenta ya shiga bariki, mijinta ya ce kada ya ƙara taka masa gida, ita kuwa ba ta iya barci in ta ji ba shi da lafiya. Irin wannan ba ta gajiya, amma tana da saurin kuka da gori, sai ta bayar ta bi da "dubi yadda ka mai da kanka". Akwai mai neman lada zalla, shi ne mafi sauƙin sha'ani, sai dai yakan bayar sau ɗaya a azumi ya ɓace, alhali ciwon sukari bai san watan Shawwal ba. Akwai mai rama alheri, wadda ɗan daudu ya tsaya mata a bikin 'yarta, ya dafa abincin mutum ɗari bai karɓi ko dala ba. Akwai mai tausayin nan take, wanda in bai ga hoto ba hannunsa ba ya motsi. Akwai mai neman suna. Sai na ƙarshe, wanda na fi jin tsoro: mai son ya sayi tuba da kuɗinsa.

Mai neman suna, ka kai kuɗinka inda suna ba ya cutarwa. Sayi buhunan siminti ka kai masallaci, ko ka biya wa unguwa gyaran famfo, a faɗi sunanka a lasifika, babu wanda zai rasa ɗakin kwana saboda haka. Mai son gyara mutum kuma, ka raba tafiyar biyu. Ranar da ka kawo hatsi, hatsi ka kawo. In kana da nasiha, ka zo wata rana hannu sake, ku zauna, ya iya ce maka a'a ba tare da ya ji tuwonsa na dare zai tafi ba. Wanda aka ce wa "aske, ka canza tafiya, sannan in biya maka magani" zai yi maka alkawari don yunwa, ya karya don ba a canza halin shekara 40 da jika 5, wato sefa dubu 5, kai ka ce ya yaudare ka, shi kuma ya ƙara koyon cewa alherin mutane tarko ne. Alƙur'ani ya riga ya ja kunne a Baƙara, aya ta 264, kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa.

Kada ka je kai tsaye, kuma kada ka yanke masa bukata

Baƙon fuska da ya tsaya da mota a ƙofar gidan haya yana tambayar "ina ɗan daudun nan", ya gama tona asiri kafin ya buɗe jaka. Nemi wanda ya saba shiga gidan: uwar ɗakinsa a sana'a, mai sayar masa da itace, tsohuwar da suke gaisawa, ko ma'aikaciyar asibitin unguwa. 'Yan daudu suna da tsarinsu na manya da ƙanana, babba ya san wane ne ke kwance, wane ne mai gida ya ba wa wa'adi, wane ne kuma zai karɓa ya kai wa boka. Ta hannun irin wannan babba muke bi, amma ba ma sakar masa komai. Mukan aika mutum biyu, kuma daga baya a tambayi mai shi abin da ya iso.

Wani tsoho da na sani tun ina aiki, mai suyar kaji ne a da, layi ake yi a gabansa. Da ciwon sukari ya ci masa yatsun ƙafa, sai ya koma wani ɗaki a Garin Malam, kaskonsa kife a lungu, ya ɗora buta a kai. Matan adashi suka ce a saya masa shadda, sallah ta kusa. Da na shiga na gaishe shi, na ce, "Baba, me ya fi damunka yanzu?" Ya daɗe yana gyara ɗan kwalin da ya yafa a kafaɗa, sannan ya ce, "Hajiya, ruwa. Mai ga-ruwa ba ya ba ni bashi kuma, yaran gidan nan in na aike su sai uwarsu ta kira su." Wanda ya san Damagaram a watan Afrilu ya san abin da wannan magana take nufi, garin da famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, ga mutum mai gyambon da ake wankewa kullum. Kuɗin shaddar muka ba mai ga-ruwa, jarka biyu kowace safiya, ana biyansa duk ranar Alhamis in an taso daga Kasuwar Dole. Ka lura kuma, na ce masa Baba don haka yake so daga bakina. Akwai wanda abokan sana'arsa ke kira da sunan mata, akwai wanda in ka kira shi haka a gaban mutane ka zage shi. Saurari yadda ya gabatar da kansa, ka bi.

Abin da ya fi amfani

Haya ce ta farko. Wanda ba shi da dangin da za su karɓe shi, in ya rasa ɗaki ya rasa komai, har jarinsa, don ba inda zai ajiye tukunya. Biya wa mai gidan wata 2 ko 3 gaba, ka karɓi takarda da sunan mai hayar, ba da sunanka ba, kuma ka ce saƙo ne aka ba ka. Kada mai gida ya fahimci akwai mai kuɗi a bayansa, sai haya ta tashi.

Na biyu magani. Ka riƙe takardar likita ka je kantin magani da kanka, ko ka aiki yaronka. Maganin sida da na tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, abin da ke hana mutane zuwa shi ne kuɗin adaidaita, da abincin da za a sha maganin a kai, da kallon da ake musu a layi. Wani lokaci babbar sadakar ita ce mace mai mutunci ta zauna kusa da shi a benci har a kira sunansa. Abin da ba na sa kuɗin adashi a ciki shi ne allura ko ƙwayar canza jiki da ake saye a hannun 'yan talla, da man bilicin. Na ga abin da suke yi wa hanta da ƙoda da fata. Duk maganin da likita bai rubuta ba, ba ruwanmu da shi, kuma nakan faɗa musu dalili a fili.

Na uku jari, ga mai sauran ƙarfi. Sana'ar abinci suka iya, kuma sun iya ta fiye da yawancinmu. Kasko, buhun gawayi, jarkar mai, kaji na kwana biyu, sun fi kuɗin da za a ba shi a dunƙule. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata tun 2024, to mata 20 in kowace ta ajiye jika 2, sun kusa haɗa albashin wata guda, kuma wannan ya isa ya ta da teburin abinci. In so samu ne ma ka zama mai ciniki. Ba shi kwangilar abincin suna ko na walima, ka biya shi farashin kasuwa ba ragi, ya karɓa da kai a sama. Hatsi kuwa a saya da kaka, lokacin da tiyar gero ke ƙasa, a ajiye, a riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan daga bazara zuwa tsakiyar damina. Da hunturu bargo.

Idan yaro ne da bai kai shekara 18 ba aka kora daga gida, wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Kada ka ajiye shi a ɗakinka kai kaɗai, don kare shi da kare kanka. Nemi kaka ko gwaggo ko kawun da zuciyarsa ta fi taushi, a sa mai unguwa ko limami a tsakani, in abin ya ƙi a je ga ma'aikatan kare yara na jiha.

Jaririn da aka haifa mata-maza

A nan zan daɗe, don nan ne kuɗi kaɗan ke ceton rai, kuma nan ne aka fi ɓata lokaci.

Na sha karɓar haihuwar da ɗaki ya yi tsit. Uwa tana tambaya "me na samu?", kaka ta buɗe zani ta duba ta mayar ta rufe, ta matso kusa da kunnena ta ce, "'Yar nan, ki rufa mana asiri, kada kowa ya ji." Daga nan sai a ɓoye jaririn a ƙuryar ɗaki, a hana 'yan barka ɗaukarsa, a kuma ƙi komawa asibiti don kunya. To ga abin da ya kamata mai taimako ya sani. Sanadin da ya fi yawa a irin wannan haihuwa wata matsala ce ta wasu ƙananan sassan jiki biyu da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda ke sarrafa gishiri da ruwan jiki. Jaririyar mace ce a ciki, da mahaifarta, amma gabanta ya yi kama da na namiji. A nau'in da ya fi tsanani, jikin yana zubar da gishiri, sai a mako na biyu ko na uku jariri ya fara amai, ya ƙi nono, ya yi laushi, ya bushe, ya mutu, a ce mayu ne ko iska. Alhali akwai magani, ƙwayoyi ne da ake sha kullum har tsawon rai, kuma mai shansu yana girma ya yi karatu ya yi aure. Abin gado ne daga uwa da uba duka, shi ya sa ya fi fitowa a auren zumunci, kuma in ya faru sau ɗaya, kowane ciki na gaba yana da kaso 1 cikin 4 na sake zuwa da shi. Ba laifin uwa ba ne, a faɗa wa dangin miji wannan da babbar murya.

Saboda haka taimakon farko ba kuɗin tiyata ba ne. Kuɗin mota ne zuwa wurin likitan yara a cikin kwanakin farko, kafin suna, da kuɗin awon jini da hoton ciki. Tun 2006 duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma wasu gwaje-gwajen da magungunan sai an saya a waje, kuma dangin da suka zo daga Mirya ko Tanut ko Magarya suna bukatar wurin kwana da abinci. In likita ya tura su Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ce, ka lissafa kuɗin mutum biyu zuwa da dawowa, ba na jariri kaɗai ba. Wasu kan zaɓi Kano don ta fi kusa. Ko ina za a je, a tafi da takardar turawa daga likita.

Abu na biyu, ka taimaka musu su yi haƙuri. Ranar suna tana matsa wa iyaye su yanke, namiji ko mace, don mai sanƙira yana jira. Dokar rajistar haihuwa ta 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwa, to a yi amfani da wannan sarari a ji sakamakon awo kafin a rubuta a takarda, domin gyara ta daga baya sai an je gaban alƙali. Kada kuma wanzami ya taɓa yaron kafin likita ya gani, fatar da zai yanke wataƙila ita za a bukata a gyara hanyar fitsari. Tiyata ma, in ba fitsari ne ya toshe ko rai ke cikin haɗari ba, ba a gaggawarta. Da yawa daga waɗanda aka yi wa aiki suna jarirai sun girma sun ce an zaɓa musu abin da ba shi ne su ba. Ƙasar Malta ta hana irin wannan aiki ba da yardar mai jikin ba tun 2015, kuma a watan Afrilun 2024 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurinta na farko kan mata-maza. Mai ba da kuɗi yakan so ya ga "an gama aiki" ya ji daɗi. Wanda ya ɗauki nauyin maganin wata-wata na shekara 5 ya fi shi amfani nesa ba kusa ba, ko da ba shi da abin nunawa.

Hoto, salula da kuɗin waje

Kada ka ɗauki hoto. Kada ka ɗauki bidiyo. Ko an rufe fuska, mutanen unguwa sun san bangon, sun san tabarmar, sun san muryar. Wani matashi mai kyakkyawar niyya ya taɓa ɗaukar wani maras lafiya ya sa a Facebook da lambar waya don a taimaka. Kuɗi sun shigo kam, amma kafin mako ya zagayo mai gidan ya fitar masa da kaya waje, yara suna binsa da waƙa, lambar kuma ta zama ta zagi dare da rana. Abin da aka tara bai kai kuɗin sabon ɗaki da jinyar da ta ƙaru ba. In za ka nemi gudummawa a zauren WhatsApp na dangi ko na 'yan aji, ka ce "wani dattijo maras lafiya da ba shi da kowa" ko "jaririn da ke bukatar magani kowane wata". Gaskiya ka faɗa, kuma ta isa. Mutane sun fi bayarwa in wanda suka yarda da shi ne ya roƙe su baki da baki, kuma in ya dawo ya gaya musu abin da kuɗin ya yi. Amanarka ce za ta tsaya a madadin hoton.

Aikawa ta Nita ko Amana ko Al Izza tana da sauƙi, amma karɓa sai da katin shaida, kuma da yawansu ba su da shi, ko suna gudun tsayawa a layi. Tambaya tukuna. In babu kati, taimaka masa ya yi, wannan ma sadaka ce mai daɗewa. In ta salula za ka tura, ka tuna sunanka zai fito, kuma ba kowa ke riƙe wayarsa shi kaɗai ba.

Masu roƙo a intanet da sunan an kore su daga gida, akwai na gaskiya, akwai 'yan damfara da suka gane cewa wannan labari yana taɓa zuciyar mutanen waje. Ƙa'idata ɗaya ce: in ba wanda na sani da zai iya zuwa ya gan shi ido da ido, ba na turawa.

'Yan'uwanmu da ke Faransa ko Amurka sukan ce a kafa ƙungiya, su za su nemo tallafi daga can. Ina ba su haƙuri. Ƙungiya a Nijar sai da izinin hukuma a ƙarƙashin dokar 1984, kuma tun bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023 ana sa ido sosai kan ƙungiyoyi da kuɗin da ke shigowa daga waje, dokoki kuma suna ta sauyawa. Duk mai wannan niyya ya zauna da lauya tukuna. A Najeriya, dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai kafa ko tallafa wa ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya, kuma a titi ba a tsayawa bambance wane ne wane. Ban da doka ma, da zarar an ce kuɗin Turawa ne, tsohon da kake son taimaka wa ya tashi daga maƙwabcin da aka saba da shi shekara 30 ya koma "ɗan aiken waje". Mai son taimakawa daga can ya turo wa 'yar'uwarsa ko ƙanensa, a sayi gero da magani, kamar yadda ake yi wa kowane mabukaci.

Lissafi, da amsar masu tambaya

Rufin asiri ba hujjar cin amana ba ne. Ina da littafi, kowane shigar kuɗi da fitarsa a rubuce da kwanan wata, takardun kantin magani a manne. Sai dai ba suna a ciki, lamba ce: gida na 1, gida na 2. Mata biyu ne kawai cikin adashin suka san wace lamba ce wa, kuma su suke sa hannu tare da ni. Duk ƙarshen wata ana karanta jimilla a gaban kowa.

Za a tambaye ka, wani don neman sani, wani don neman magana. Wata maƙwabciyata ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Yaya, da girmanki a gan ki kina shiga gidan 'yan daudu?" Na ce mata, "Dubiya na je, ƙafarsa ce ta ruɓe. In kina da tsohon zani mai tsabta ki ba ni, ana bukatar na ɗauri." Ta kawo biyu. Kada ka tsaya kare rayuwar mutum ko yanke mata hukunci a bakin titi, faɗi ciwon da yunwar, ka nemi abin da mai tambayar zai iya bayarwa. Mace mai aure ta sanar da mijinta kafin ta fara, kada ya ji a fada. Namiji kuma ya tafi da abokin tafiya ko ya bi ta hannun tsohuwa, don bakin mutane.

A cikin kuɗin, ware wani abu da ba a taɓawa don likkafani da masu haƙa kabari. Irin waɗannan mutane sukan mutu ba dangi kusa, maƙwabta su tsaya cirko-cirko kowa na jiran wani ya fara. Musulmi ne, wanka da sallah da binne shi wajibi ne a kan al'umma, in wasu suka yi ya sauka a kan saura. Tun yana da rai ka san limamin da zai zo in an kira shi, ka san maza biyu da za su yi wanka, ka kuma tambaye shi garinsu da sunan wanda yake so a sanar. Idan mata-maza ne babba, a tambayi malami tun da wuri wa ya dace ya yi wankan, a rubuta amsar a bayan littafin kusa da lambarsa.